Shahon Baba Caina

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji shida na firamare. Ina tsaye a kan rumfar tsaro a tsakiyar shinkafarmu ta rani da ke ƙasan dam ɗin Watari, ina jan igiyar gwangwanaye ina ihu har muryata ta dushe. Tsuntsayen jan-baki sun taso kamar hayaƙi, in na kore su gabas su zuba yamma. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne daga nan ina jiyo ƙarfen da ake bugawa a makarantarmu. Sai na saki igiyar na zauna na yi ta kuka. Da na ɗago, na ga wani tsohon ɗan Caina tsaye a bakin hanyar ruwa, da malafa a kansa, yana bin tsuntsayen da ido ba ya ko ƙiftawa.

Ni ne babba a gidanmu, don haka da shinkafa ta fara ido tsaro ya faɗo kaina. Baba yana fama da ban ruwa da kai kayan gwari Ɗambatta, ƙannena ba su kai ba, Kaka, mahaifin Baba, kuwa ƙafa ta ƙi, murya ma ba ta kai ƙarshen gona. Ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, hedimasta ya aiko cewa wanda ba ya zuwa bita ba zai zauna ba. Baba ba mugu ba ne, abincin gida yake dubawa. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Boko zai jira ka, tsuntsu ba zai jira ni ba."

Tsohon ya zo ne da kamfanin da ke gyaran hanyoyin ruwa, shi ke kula da injinansu. Mu yara Baba Caina muke ce masa, muna kwaikwayon yadda yake juyowa da duk jikinsa in an yi masa magana, ashe kunnensa na hagu ne ba ya ji. Labarinsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu muka ji shi, shi da Kaka a tabarma ɗaya, Sale direbansu yana fassara. Ɗan manoma ne, ya shiga sojan sama tun gemu bai fito ba, ya tuƙa jirgin yaƙi har furfura ta kama shi, ƙarar inji ce ta cinye masa kunne. Wata rana wajen atisaye injin ya mutu a sama, ya diro da lema ya faɗa gonar shinkafa, ƙafarsa ta karye. Wani manomi ya goya shi har bakin titi, ya miƙa shi ga masu mota, ya juya gonarsa tun kafin a tambayi sunansa. Kaka da ba ya ɓoye tambaya ya ce a tambaye shi mutum nawa ya harbe. Ya yi dariya ya ce ko ɗaya, duk shekarun nan gadin sama ya yi. Ya nuna ni da baki ya ce aikinsa da nawa ɗaya ne.

Kwana kaɗan bayan ya ga kukana ya zo gona da takardar buhun siminti da zaren ɗinkin buhu. Ya sa na fere masa karan dawa, ya ɗaure, ya manne da ƙaro, ya zana fukafukai da idanu da gawayi. Da iskar dam ta taso ya sake shi, sai ga shaho yana shawagi a kan shinkafarmu. Jan-baki suka watse, ko ɗaya bai saura ba. Ni dai tsalle na yi ta yi har na kusa faɗowa daga rumfa.

To, mu da muka saba da mutum-mutumi, Baba sai ya kafa turke ya ɗaure zaren ya tafi harkarsa. Ba a jima ba tsuntsaye suka gane wayon, har a ƙarƙashin inuwarsa suke ci. Baba ya ce dama wasan yara ne, in koma rumfata. Da Baba Caina ya ji, ya zo ya kwance zaren yana girgiza kai, ya yi magana da 'yar Hausarsa: "Shaho sama. Rana bayansa. Yau nan, gobe can." Ya nuna yadda ake sassauta zare shahon ya kawo farmaki, a ja ya koma sama. Sannan ya wuce Baba, ya wuce ni, ya danƙa zaren a hannun Kaka. Aikin ba ya son gudu ko ihu, haƙuri yake so, Kaka kuwa yana da shi har ya yi yawa.

Daga nan kullum da safe sai in ɗora Kaka a jaki, in shimfiɗa masa buzu a wani sabon gefen gona, in ruga makaranta. Ranar da iska ta ɗauke mukan yi asara, kusurwa guda ma sai ƙaiƙayi muka samu. Amma mun yanke shinkafa, na kuma zauna jarrabawa. Kaka ya riƙa cewa a majalisa, "Ni ma fa yanzu sojan sama ne." Kafin ruwan farko aikin kamfanin ya ƙare. Inna ta aika wa Baba Caina da dafa-duka ta sabuwar shinkafa, ya ci da tsinken kara biyu muna leƙe muna dariya, washegari motarsu ta tafi.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Makoda. Masu hali suna rufe shinkafa da raga, rumfunan tsaro sun yi ƙaranci, Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma in bazara ta yi na ga gurbin wani yaro babu kowa, nakan nemi buhun siminti in bi shi gona. Ina gode wa tsohon nan har zuciyata, ina kuma jin ciwon cewa ba wanda ya tuna ya tambayi sunansa na gaskiya. Shi bai san sunan wanda ya goya shi ba, ni ma ban san nasa ba.