Sunanmu ɗaya, na'ura ta bar ɗaya

Shekarar da muka gudo Zuru daga ƙauyenmu na wajen Sakaba, ni da ɗan baffana muka je rajistar 'yan gudun hijira tare. Sunan kakanmu aka sa mana mu biyun. Tare muka yi noman neman aure a gonakin surukai, tare muka kwana a daji ranar da aka ƙone garin.

Wata budurwa ce ke bugawa a kwamfuta. Ta tambayi shekarunmu, ba wanda ya sani, ta dube mu ta ba mu shekaru iri ɗaya. Ta tambayi lambar waya. Tasa ta ƙone da ɗakinsa. Na ce ta sa masa tawa.

Ranar rabon dawa, sau ɗaya aka kira sunan. Na amsa, na saɓa buhu. Shi ya tsaya har aka share wurin.

Muka koma wajen budurwar. Ta juyo mana fuskar kwamfutar kamar mun iya karatu. Ta ce wasu na yin rajista sau biyu don su ci rabo biyu, shi ya sa aka sa na'urar ta riƙa tacewa. In suna da gari da shekaru da lamba suka zo ɗaya, sai ta ɗauka mutum guda ne, ta fito da na farko ta danne na biyu. Ni na riga shi zama a benci.

"Baba, ba a goge ka ba," ta ce masa. "Kana ciki, fitowa ce ba ka yi."

"To 'yata, a cikin nan ana tuƙa tuwo?"

Ta yi alkawarin faɗa wa manyanta a ƙara sunan mata a tacewar, tunda matanmu dai ba ɗaya ba ne. Ta ce zai ɗau lokaci.

Muka raba buhun. Ni na riƙe mudu. Bakuna sun fi yawa a ɗakina, hannuna ya san haka. Ya ga nawa ya fi nasa, ya ɗauki nasa ya tafi. Rabo na gaba ma haka.

Da ruwa ya sauka ya ce zai koma ya shuka gonarsa, ba zai zauna yana cin ragowar sunansa ba. Na ce hanyar ba lafiya. Sau ɗaya na faɗa. Ya bar matarsa da yara ya tafi. Wayar tana aljihuna, don haka ba ta inda zai kira, ba ta inda za a kira shi.

Gyaran na'urar ya zo lokacin da dawa ta kai gwiwa, har lokacin ba labarinsa. Ranar rabo aka kira sunan, na amsa. Aka sake kira. Matarsa ta matso da goyo, mai rabon ya ce sai mai sunan ya dangwala yatsa da kansa. Ta juyo ta dube ni. Buhuna na kafaɗata. Na sauke shi a gabanta, ta ce ba buhu take tambaya ba, mai sunan take tambaya.