Shagon Askin da Aka Hana Labari

Ranar Laraba na ratsa layinmu da rabin kai a aske, rabi da suma, kamar gonar da aka fara noma aka gudu. Ga shi ban fito da hula ba. Mai gyaran babur ya ajiye sifana ya raka ni da ido, matata kuwa da ta buɗe ƙofa sai da ta dafa bango don dariya.

Laifina bai taka kara ya karya ba. Ina kan kujerar aski na zaro waya na ce, "Kai jama'a, kun ji motar da ta kife a kan gada?" Mai askin taubashina ne, ɗan kawuna. Ya kashe inji, ya kwance mini ƙyallen wuya, ya kaɗe, ya ce in dawo idan bakina ya huce.

Mutumin nan a da shagonsa ya fi gidan rediyo. Talabijin na ihu a bango, benci cike da masu sharhi, wanda aka gama wa aski ma ba ya tafiya. Duk wanda ya zauna sai ya juye masa damuwarsa: ciwon uwa, korar aiki, ɗan da ya gagara. Su tashi kai sakayau, shi ya kwashi kayan ya kai gida.

Sai barci ya yi masa yaji. Gabansa ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, fara'ar ta tafi, abinci ma sai matarsa ta yi da gaske. Abin da ya fi muni, hannunsa ya fara rawa, mai aski kuwa hannunsa ne gonarsa. Wata safiya ya yanki kunnen wani dattijo, jini ya ɓata farar riga. Kafin mako ya zagayo, rabin masu zaman bencin sun koma shagon tsallaken titi, shi kuma ga iyali.

Ya je asibiti. Abin da likita ya faɗa masa ban sani ba, amma ya riƙe shi kamar wasiyyar uba, mu kuma muke shan wahalarsa. Talabijin ya sauka, sai shatinsa a bango. Da sassafe za ka gan shi yana zagaya filin ƙwallo da tumbinsa, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Shayin da muka saba sha da yamma ya soke, wai yana hana shi barci. Ni ina ruwana da barcinsa? Wayarsa a aljihun teburin shago take kwana, ko gobara ce sai dai ka je ka buga masa ƙofa. Rana na yin ja zai ja ƙyaure, ko mutum nawa ne ke jira. Tsakanin aski da aski kuma ya tsaya bakin ƙofa, ido a rufe, yana jan numfashi a hankali kamar mai shaƙar girkin maƙwabta.

Abin haushin, ya yi masa aiki. Kumatu sun dawo, hannu ya tsaya cak, har dattijon nan ya dawo da ɗaya kunnen.

Washegarin Larabar nan na koma shagon da hular aro. Taubashin nawa ya ƙarasa askin, ya shafa mini kumfa, ya ɗauko aska zai gyara gemu. Bakina dai bai iya zaman banza ba.

"Ɗan kawu, wannan ba rayuwa ba ce," na ce. "Duniya na ci da wuta, kai kana nan kana shaƙar iska. Mutum ai ya san halin da ake ciki."

"Rediyo," haka yake kirana, "kai da kake kwana gadin duniyar, ka kashe wutar? Dubi idonka a madubi, kamar garwashi."

"Ko labari ɗaya ba za ka ji ba? Wallahi wannan mai zafi ne."

Ya tura haɓata sama da yatsa, na ji sanyin ƙarfe a wuyana.

"Bismilla, ba ni," ya ce. "Amma ka sani, in na ji mummunan labari hannuna rawa yake yi. Maƙogwaron kuma naka ne."