Ranar da Babban Yatsana Ya Ɗauke Wuta

Shagona na hoto a Mafara yana da tsohuwar kwamfuta a lungu, wadda na sa wa manhajar Linux na mai da ita saba, wato rumbun ajiyar hotuna. Duk hoton da na ɗauka, daga biki a Garbadu har taron suna a Maradun, can yake kwana. A ciki har da hoto ɗaya tilo na surukata, Allah ya jiƙanta, wanda matata ke leƙowa ta gani.

Rannan surukina ya taso daga Bakura a wanke masa hoton. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya rasa abin yi sai koyon kwamfuta, kuma wallahi gara da noma ya kama. Muka gaisa har gwiwata ta yi tsami, ya hau kujerata, ya ce wani ɗalibinsa ya turo masa manhajar da ke sa hoto fitowa tangaran. Ya nemi lambar sirri. Wa ke hana suruki? Na faɗa, kaina a ƙasa.

Ina durƙushe ina satar kallo. Manhajar daga wani shafi take da ban taɓa ji ba. Sabar ta ce ba ta san mai ita ba, a ci gaba? Ya ce e. Ta ce manhajar za ta zo da wasu manhajoji 'yan rakiya rututu, ya ce bismillah. Sai ta tambaya ko a cire manhajar ajiyata, a share rumbun hotunan duka.

Ni da ko sunansa ba na kamawa, yaya zan ce Baba ka yi kuskure? Na yi tari, ya ce sannu. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa zai danna e.

Sai na miƙa ƙafa ƙarƙashin tebur na fizge wayar wuta. Allo ya yi ɗif.

“Baba, an ɗauke wuta,” na ce, fanka na juyawa a kanmu.

Ya dubi fankar, ya dubi ƙafata. Kunya ta kusa kashe ni. Na kunna sabar, na kwashe tarkacen da ya zuba, na faɗa wa bango abin da tambayar ƙarshe ke nufi, yadda Baba zai ji. Sannan na wanke hoton, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon matarsa.

“To,” ya ce a hankali, “Allah shi yi wa wutar nan albarka.”