Kuɗin Awara

Kakana ɗan canji ne. Tun ban yi wayo ba yake zama a wata rumfa kusa da tashar Ƙonni, sefa a aljihun dama, naira a na hagu. Idan na taso daga lakwal, wato makaranta, nakan biya in tsaya a bayansa. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, kallo nake yi. Da haka na san raƙuma ne a bayan takardar jika ɗaya, wato sefa dubu, dorina a bayan dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, kuma Kaka ba ya fara ƙirga sai ya dangwala babban yatsansa a harshe.

Ina aji biyar hawan jini ya kayar da shi. Da ya dawo daga asibiti, hannunsa na dama ya yi sanyi. In ya gutsuri tuwo sai lomar ta suɓuce kafin ta kai baki, miya ta ɓata masa riga. Ranar da hakan ta faru a gaban masu zuwa gaisuwa, sai ya ture kwanon. Goggo, ƙanwar babana mai tuyar awara a ƙofar gida, ta zo da cokali za ta ba shi.

"Ni ba jinjiri ba ne," ya ce, ya juya wa kowa baya.

Ban da ruwa da ɗan kurɓin fura, ba abin da ke shiga cikinsa. Hularsa ta fara yi masa yawa. Likita ya ce in ya ci gaba a haka, magani ba zai amfane shi ba.

Ni nake kai masa buta. Nan na lura cewa ko yana kwance shiru, babban yatsansa da manuni suna murza bakin tabarma, daidai yadda yake murza takardun kuɗi. Hannun ya kasa dunƙule loma, amma wannan bai manta ba.

Na daɗe ina juya maganar kafin na iya faɗa. Goggo tana tace waken suya na tsuguna kusa da ita.

"Goggo, da za a yanka awara fale-fale, kamar kuɗi…"

"Ɗaga murya, 'yar nan. Ko ke ma kin daina cin tuwon ne?"

Na sake faɗa, har da zancen tabarmar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta jawo wuƙa.

Rannan ba ta fita tuya ba. Ruwan zogale ya ba mu koren jika biyar, zoɓo ya ba mu jan jika ɗaya, manja ya yi dala ɗari. Jika biyu muka haƙura da ita, don Goggo ta ce ba ta taɓa ganin abinci shuɗi ba. Ta soya su sama-sama, gishiri kaɗan saboda likita ya hana, yaji kuwa ba rowa. Ni kuma na tsoma tsinke a zoɓo mai kauri na zana dabbobin. Goggo ta leƙo ta ce raƙumina kamar jakin da ya haɗiye tulu.

"Ke kika buga kuɗin, ke za ki kai," ta ce, ta tura ni ɗakin.

Na durƙusa, na ajiye farantin a gabansa. "Kaka, canji na kawo."

Ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallo.

"Amarya, wane banki ne ya buga waɗannan?"

"Bankin Goggo."

"Shi ya sa suke maiƙo."

Ya sa yatsu biyu ya ɗauki jika biyar, ba ta suɓuce ba. Ya ɗaga ta saitin ƙofa yana duba haske, ya ce barewar da na zana ba ta da ƙaho. Sai ya jera su, manya a ƙasa, ya dangwala yatsa a harshe, ya fara ƙirga. Da ya sake kai yatsan baki, ya tsaya. Na ga yana lasar yajin. Ban ɗago kaina ba, don kada ya ga ina kallo.

"Ƙananan ake fara kashewa," ya ce, ya naɗe dala ɗari ya kai baki da hannunsa.

Ya cinye duka, har jakin mai tulu.

"Gobe ki zo da naira, in ga ko kin iya."

Kaka bai koma rumfarsa ba, amma har yau da hannunsa yake ci, matuƙar an yanka abin fale-fale. Ba zan manta wa Goggo ba. Ta saurari maganar yarinyar da ko a aji ba a jin muryarta, ta sa wakenta na yini guda a kai.

Rannan da na fito daga ɗakin na same ta a bayan labule tana share ido da bakin zane.

"Naira ɗari biyar wace kala ce?" ta tambaye ni.

Na ce shuɗiya ce.

"To, sai ki fara tunani tun yanzu."