Shekarar da Na Riga Shamuwa Shuka

Shekarun baya, lokacin da na gama lakol, wato makarantar boko, a Agiye na koma ƙauyenmu kusa da Gangara, ji nake babu abin da ban sani ba. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, gona ta dawo hannuna, ana kuma maganar aurena bayan kaka. Abin da ya rage shi ne ɗakin da zan sa amarya.

Filin da idona ya kwanta a kai shi ne gindin tsohuwar tsamiyar da ke tsakar gidanmu. A kanta shamuwa ke yin sheƙa duk shekara, tun ba a haife ni ba. In sun sauka, kashinsu fari fat a kan tabarma, a kan shanya, wata rana har a kan mutum. Na ce in na sare ta na samu fili, na kuma huta da ƙazanta.

Wata safiya cikin bazara na kira abokina ya zo da gatari. Mahaifiyata na surfe, sai ta jingine taɓarya ta dube mu.

"Ina za ku da wannan?"

"Inna, tsamiyar nan za mu kayar. Nan zan yi gini."

"Baƙin da ke sauka kanta fa, ka gaya musu?"

Abokina ya yi dariya, ni kuwa na shiga yi mata darasi: tsuntsu bai san ruwa ba, yanzu rediyo ke faɗin yanayi. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce mahaifina bai taɓa jefa iri a ƙasa ba sai ya ga shamuwa ta fara jidar kara.

"Ka bar tsamiyar ta ga damanar bana," in ji ta. "Bayan kaka ka yi yadda ka so."

Na yarda, don dai kar a ce na yi musu da uwa.

Ba a yi sati biyu ba, wata la'asar hadari ya taso daga gabas aka kwarara ruwa. Na tona ƙasa, danshi har wuyan hannu. Tsamiya kuwa ko tsuntsu ɗaya babu. Rediyon da nake taƙama da shi ma ya ce manoma su ɗan dakata, amma wannan ɓangaren kunnena bai ɗauka ba.

Da safe na ɗauki sungumi na ce a ba ni iri. Hatsi ne da mahaifina ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyarsa da hannunsa, ba a samunsa a kasuwa.

"Ba su iso ba," mahaifiyata ta ce tana kallon sama.

"Inna, ruwa ai ya iso."

Ta shiga ɗaki ta auno mini. Na ga kamar bai kai abin da muka adana ba, amma gaggawa ta hana ni tambaya. Ni da abokina muka shuka. Da ya tsiro, har ta hanyar kasuwa nake zagayawa don a tambaye ni labarin gona.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana ashirin, sai rana da iska mai zafi da ke watsa yashi a kan tsiro. Kullum in je in tarar ya ƙara nannaɗewa kamar zare, har ranar da na tsaya tsakiyar gona na rasa kore ko ɗaya. Na dawo gida na zauna a gindin tsamiya, don ita kaɗai ke da inuwa, ina tunanin na kashe irin mahaifina a shekarata ta farko.

Ina nan zaune wata azahar na ji fuka-fukai a sama. Shamuwa biyu suka fara sauka, kafin magariba reshe ya cika. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ga mahaifiyata ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa a liƙe da laka. Ta fasa, rabin irin ne.

"Inna, ashe ɓoyewa kika yi?"

"Ni na haife ka," ta ce. "Ɗauki sunguminka."

Bai cika gonar ba, sauran filin wake muka sa. Amma mun ci har wata damana, irin kuma bai ɓace ba. Ɗakin amarya a bayan rumbu na gina shi, ya ɗan matse, kuma a cikinsa aka haifi 'ya'yana uku.

Ba zan ce muku shamuwa ba ta kuskure ba. Akwai shekarar da suka zo ruwa ya yi jinkiri, damanar yanzu ta rikita kowa. Abin da na koya shi ne ruwan farko ba ya nufin damana ta zauna, kuma abin da ka tarar tsaye a gidanku, ka tambayi amfaninsa kafin ka taɓa shi. Tun daga lokacin ko a gona na daina tumɓuke kututture, in gawo ko kalgo ya tofo sai in gyara shi in bar shi. Inda suke, iska ba ta binne shuka.

Bara wani maƙwabcinmu ya leƙo bayan ruwan farko, ya ce tunda ni na yi karatu, in gaya masa ko a fita shuka. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da rediyo ya ce, sai na kama kaina ina ɗaga kai sama tukuna. Mahaifiyata na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta gan ni sarai, ta ci gaba da ɓararta tana murmushi.