Rijiyar Siminti ta Garin Ƙanwata

Mu biyu ne mata a wurin innarmu, ni da ƙanwata. Ni an kai ni aure wani ƙauye bisa tudu, gabas da Filinge, ita kuma wani gari a gangare, inda burtalin shanu ya ratsa. Tafiyar hantsi ce tsakaninmu. Lokacin ni ake cewa na yi sa'a, don rijiyarmu tsohuwa ce, kakan maigidana ya gina ta, ba wanda ya taɓa ganin ƙasanta. Da rani Fulani kan sauka kusa da mu su shayar da shanu, mu sha nono, gonakinmu su sha taki.

Sai damina ta fara yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, shekarar da ta biyo ma haka. Guga ya soma dawowa da laka. Mukan bar tulu ya kwanta kafin mu tace wa yara.

Cikin wannan hali aka ce kumandan, Anasaran da ke mulkin ƙasar, zai sa a gina rijiyar siminti a yankinmu. Dattawanmu har rago suka ware na tarbar magina. Ashe garin ƙanwata aka zaɓa, wai saboda burtali. Kafin rani ya tsananta Fulaninmu sun kwashe sun koma can, mu ma muka bi sawunsu da tuluna bisa kai.

Ranar da na fara zuwa, na tarar da ƙanwata bakin rijiya tana wanki. Wanki! Ni da na manta rabon zanena da ruwa. Ƙafafunta jiƙe, ruwan da ta zubar yana gangarawa cikin wani ɗan shinge inda ta shuka albasa da yakuwa, kore shar. Na tsaya ina kallon shingen nan.

"Yaya, mi ya hana ki biyo gida?" in ji ta. "Miƙo tulun in cika maki."

Na ce, "Bar shi, ina da hannu."

Ba hannu ne babu ba, wuri ne babu. Matan garin ke fara ja, sannan makiyaya su kafa jakuna da igiyoyi, mu na tudu sai abin da ya rage. Rannan rana ta karkata kafin gugana ya taɓa ruwa. Ƙanwata ta aiko mini da fura, na sha don yunwa, amma ko a fuska ban nuna ta yi daɗi ba.

Mazanmu ma abin ya ci musu rai. Suka ce filin da aka gina rijiyar tsohuwar gonar kakanninsu ce, aro aka ba mutanen gangare. Mutanen gangare suka ce wanda ya share daji shi ke da ƙasa. Fulani suka ce don dabbobi Anasara ya gina, kowa ya sani. Wata ranar kasuwa wani bijimi ya ture tulun matar ƙanen maigidana, ya fashe. Kafin a ce haka sanduna sun tashi. An fasa wa maigidana goshi, mijin ƙanwata kuwa yana cikin waɗanda suka tare mu.

Gardi, dogaran kumandan, suka zo suka kora kowa gaban sarki. Hukuncin da aka yanke, safe na masu gari, tsakar rana ta shanu, yamma tamu. Aka ce an yi adalci. Amma da yamma rijiya ta gaji, ruwan ya ja baya, sai mu ƙara igiya bisa igiya.

Ƙanwata ta zo duba goshin maigidana, ɗauke da ƙwarya cike da albasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi kuka. Da muka keɓe ta ce, "Yaya, ku dawo gangare mana. Akwai hili bayan gidanmu."

Na dube ta, ta yi ƙiba, fatarta na sheƙi. Na ce, "Mu zamo baƙinku ke nan?"

Ta gyara ɗankwalinta.

Gidaje da yawa sun tashi sun koma can. Maigidana ya ce ba zai bar kushewar ubansa ba. Shi da waɗanda suka rage suka shiga tsohuwar rijiya da sungumi, suna haƙa muna jan ƙasa da kwando, har suka tarar da ruwa ƙarƙashin wani dutse. Ruwan yana da ɗanɗanon kanwa, tuwo ma sai ya canza launi. Shi muka sha, shi 'ya'yana suka tashi da shi. In sun je gidan ƙanwata suka sha nasu, sai su yamutse fuska su ce ruwan gangare ba shi da daɗi. Ni dai ban taɓa gyara musu zancen ba.