Tsoho Mai 'Yan Maruƙa a Hammata

A bas ɗin safe, ga wani tsoho tsaye cikin farar rigar likita, gilashi a karkace, ya matse hammata kamar kaza a kan ƙwai. Mota na faɗawa rami sai ya ce, "Direba, a hankali mana!"

Wata mata ta dube shi. "Baba, maruru ne?"

"'Yan maruƙa ne, 'yata." Ya nuna bakin wata 'yar kwalba da ke hammatarsa. "Ƙwayayen haihuwar saniya na haɗa a ɗakin bincike, aka ɗauke wuta. In suka yi sanyi, wahalata ta tashi a banza."

Ina jin ko 'ya'yan cikinsa ba su samu wannan gatan ba.

Matar ta miƙe tsam. "Zauna, Baba. Mai juna biyu ba ya tsayuwa a mota."